Abin da fej ya koya mini a ɗakin gwaje-gwaje

A shekarar ƙarshe ta karatun ilimin ƙananan halittu na yi bincike kan bakteriyofej, fej a taƙaice. Bairos ne da ba ruwansa da jikin mutum. Bakteriya yake shiga, ya hayayyafa a cikinta har ta fashe. Ni na nemi wanda zai kashe Salmonella, mai jawo amai da gudawa ta hanyar naman kaza da ƙwai.

Wurin samunsa ba abin a faɗa a gaban mai cin abinci ba ne: ruwan lambatu da kashin kaji. A tace ruwan, a ɗiga kan farantin da bakteriya ta lulluɓe, a bari ya kwana cikin ɗumi. In da safe ka ga 'yan wurare sun washe fes, fej ya yi aikinsa.

Ilimin tsoho ne. Masanin kimiyya Félix d'Hérelle ya bayyana shi a Faransa a 1917, kuma Cibiyar Eliava da ke Tibilisi a Jojiya tana aiki da shi tun 1923. Turawan yamma ne suka yi watsi da shi da fenisilin ta yaɗu, suka dawo kansa lokacin da magungunan kashe bakteriya suka fara gazawa. A 2006 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a fesa ListShield, wani haɗin fej, kan dafaffen naman sayarwa don kashe bakteriyar Listeria.

Babban darasina shi ne tsananin zaɓensa. Fej ɗin da ya share Salmonellar gona ɗaya na iya ƙin taɓa ta gonar maƙwabta. Alherin hakan shi ne ba ya kashe bakteriyar hanji masu amfani, saɓanin antibayotik mai kisan kan mai uwa da wabi. Wahalar kuwa, sai ka san abokin gabanka kafin ka harba. Kuma bakteriyar kan koyi kauce masa, shi ya sa ake haɗa fej iri-iri wuri guda.

A nan gida mai ciwon ciki kemis yake zuwa, ba gwaji, ya sayi kafso ya haɗiye. Don haka a ganina fej zai fara amfaninsa ne a gonar kaji da mahauta, inda masu kiwo ke zuba tetarasaikilin cikin ruwan sha tun kajin na tsaki, kafin ya kai gadon asibiti. A gonar ma da sauran rina a kaba, domin zafi na raunana shi, ajiyarsa tana son firji, firji kuma yana son wutar da ba ta zama.