Jingdezhen: Zanen Hannu ko Bugu?

Jirgin ƙasa mai gudu ne ya sauke ni a Jingdezhen, a lardin Jiangxi na ƙasar Sin, garin da ya haura shekara 1,000 yana gasa tangaran. So nake in iya bambance tangaran mai zanen hannu da na bugu, amma ban nufi kasuwa kai tsaye ba. Ɗakunan masu zane na fara leƙawa, don wanda bai ga yadda ake yin abu ba, da wuya ya gane shi a kan tebur.

Shuɗin zane a kan ɗanyen faranti ake yin sa. Sinadarin kobalt a lokacin toka-toka ne mai duhu, sai an lulluɓe shi da ruwan ƙyalli an gasa a zafin da ya kai kusan digiri 1,300 kafin shuɗin ya fito. Wani ya ja layi da siririn buroshi, wani ya cike ciki da buroshi mai kauri wanda ke riƙe ruwa da yawa. Yumɓun na shanye launi nan take, shi ya sa hannu ke barin sawu: kamar alƙalami a kan allo, inda aka fara tawada ta yi kauri, gaba kaɗan ta tsinke, ƙarshen layi ya sirance. Inda ruwan launi ya taru kuma sai wurin ya fi duhu.

A wani ɗakin na ga na bugu. Takarda ce mai ɗauke da zanen, a manna ta a jikin kwano, a jiƙa, a danna, a ɓare. Kafin mai buroshi ya gama ganye guda, an gama kwano. Ba sabuwar dabara ba ce, a Ingila aka fara irinta a shekarun 1750.

Ga yadda ake gane bugu. A riƙe madubi mai ƙara girma sau 10, a tsaya a hasken rana. Bugun zamani yakan nuna ɗigo-ɗigo a jere inda ya kamata a ga inuwar launi, kuma layinsa kauri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. A bi adon bakin kwano a zagaya: inda takarda ta haɗu za a ga zanen ya hau kan juna ko ya bar giɓi, wani lokaci har da tsagewar layi inda ta tattare a kan lanƙwasa. Mafi sauƙi, a jera kofi biyu na saiti ɗaya a ƙirga furanni. In komai ya zo daidai har da kuskuren, bugu ne. Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne na tsaka-tsaki: layin waje bugu, launin ciki da hannu. Mai shago zai ce zanen hannu ne, kuma rabin gaskiya ya faɗa.

Daga nan na wuce Fanjiajing, unguwar da ta yi suna da kwaikwayon kayan da. Nan ne maganar tambarin ƙasan kwano ta taso. Tambarin sarauta yawanci haruffa 6 ne ko 4, mai 6 yana ambatar daula da zamanin sarki, mai 4 galibi zamanin sarkin kawai, misali Kangxi, 1662 zuwa 1722, ko Qianlong, 1736 zuwa 1795. Wanda aka rubuta da hannu, kowane zare na harafi yana da mafari da ƙarewa. Na hatimin roba kuwa, galibi ja ne, launinsa shimfiɗe, gefensa ya ɗan yi kauri inda aka danna, wani sashen bai kama ba. Irin wannan ya yaɗu ne tun daga ƙarshen ƙarni na 19.

Amma ko tambarin na hannu ne, ba ya tabbatar da shekaru. A zamanin Kangxi ma an riƙa sa tambarin Sarki Chenghua na ƙarni na 15 don girmama magabata, kuma a Fanjiajing na ga sabbin tuluna jere da sunan Qianlong. Kalmar CHINA da haruffan boko kuwa na nuna kayan fitarwa ne na bayan 1890, lokacin da dokar Amurka ta wajabta rubuta ƙasar asali. Don haka ni nakan fara da zanen jiki da zoben gindi marar ƙyalli, tambari ya zo daga baya.