Kalmar da ta maƙale wa Kawu

Jiya na je duba Kawu, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama gefensa na dama. Buta yake so. Ya kalle ta, ya nuna ta da hagu, leɓensa na rawa, amma sunan ya ƙi fitowa. Da aka kira la'asar kuwa, sai ga shi yana bin ladan tiryan-tiryan, ya kawo Fatiha ba gargada. Ikon Allah! Abin da ya ƙona min rai, 'yan dubiya sai ɗaga masa murya suke, alhali yana jin su sarai.

Mu da muke zuba kamar kanya ba ma lura da aikin da ƙwaƙwalwa ke sha. Sai ta tsara abin da ake nufi, ta zaƙulo kalmar cikin dubbai, ta jera sautukanta, sannan ta umarci harshe da leɓe. A hira, kalma biyu zuwa uku ke fita kowace daƙiƙa. Abin da aka haddace tun ƙuruciya ba ya bin wannan doguwar hanya, shi ya sa yakan tsira.

A 1861, a Faransa, likita Paul Broca ya duba wani majinyaci mai fahimtar magana, amma "tan" ce kusan duk abin da yake furtawa. Bayan rasuwarsa aka tarar da lahani a gaban ƙwaƙwalwarsa, ɓangaren hagu. Ba a yanka ta ba, aka adana ta a Paris. A wani bincike da aka wallafa a 2007, da aka haska ta da MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, sai aka ga ɓarnar ta yi zurfi fiye da yadda Broca ya gani.