Bin Sawun Hazon Hunturu Daga Kano Zuwa Bodele

Duk safiyar da hazo ya rufe Kano har mutum ya tsaya a Goron Dutse bai hango Dala sosai ba, abin da nake fara dubawa shi ne rahoton yanayi na filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ake kira METAR, mai lamba DNKN. Abu uku nake ɗauka a ciki: nisan gani da mita, inda iska ta fito, da alamar DU (ƙura) ko HZ (hazo). In nisan ya sauko ƙasa da mita 1,000 alhali iskar gari a kwance take, to ƙurar baƙuwa ce, daga nesa aka kawo ta. A lura, agogon rahoton na duniya ne, sai an ƙara awa ɗaya ya zama namu.

Daga nan sai in koma baya kwana ɗaya ko biyu a hotunan tauraron ɗan Adam na NASA Worldview, in nufi arewacin Chadi, kusa da garin Faya. Can ne kwarin Bodele yake, sama da kilomita 1,000 daga Kano. Busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi ne, ƙasarsa cike da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu dubban shekaru da suka wuce, fara ce kuma ba nauyi, kamar garin alli. Ranar da ta tashi, za ka ga farin zirin ƙura ya miƙe kudu maso yamma, ba ya ɓoyuwa.

Dalilin tashinta shi ya fi ɗaukar mini hankali. Da hunturu, iska mai nauyi tana taruwa a kan Libiya ta turo kudu. Sai ta tarar da duwatsun Tibesti a gefe guda, na Ennedi a ɗaya gefen, ta matsu ta tsakaninsu ta ƙara gudu. Da dare wannan iskar a sama take wucewa, ba ta taɓa ƙasa. Sai rana ta fito ta ɗumama ƙasa, iskar sama da ta ƙasa su cakuɗe, ƙarfin ya sauko. Shi ya sa ƙurar ta fi tashi da hantsi, da zarar gudun iskar ya kai wajen mita 10 a daƙiƙa. Kusan kwana 100 a shekara haka ake yi a wurin.

Don tabbatarwa ina amfani da HYSPLIT, manhajar bin sawun iska ta NOAA, hukumar yanayi ta Amurka: in sa Kano (12.0 arewa, 8.5 gabas), in ce ya bi iskar baya na awa 72, a tsayin mita 500, 1,000 da 1,500. Kada a dogara da tsayi ɗaya, domin iskar kowane hawa na iya fitowa daga wani yanki daban, kuma layin hanyar iska kawai yake nunawa, sai hoto ya shaida cewa ƙura ta tashi a kan hanyar. Wani lokaci sawun yakan karkata wajen Bilma a Nijar. Hoton NASA ba ya aiki da dare, sai na Meteosat, tauraron ɗan Adam na Turai, inda ƙura ke fitowa ruwan hoda. Hayaƙin ƙunar daji ma yana ruɗarwa, amma launinsa ya fi karkata ga toka-toka, kuma daga kudu ya fi yawa.

Ƙurar bazara, ta Afrilu zuwa Yuni, ba a neman ta a Bodele. Hadari ne ke haɗowa daga gabas, sanyayyar iska ta faɗo daga cikinsa ta kwashi ƙasar gonakin da aka share, ta zo kamar jar katanga, ta wuce cikin ɗan lokaci. Ita wannan ƙurar, hadarin ake sa wa ido. Ta hunturu kuwa, in na ga Bodele ta tashi yau, kuma gargaɗin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ya zo daidai, ina gaya wa masu asma da masu tafiyar jirgi su yi shirin gobe ko jibi.