Gyaran tsohon shagon jan bulo a Virginia City, garin azurfar Nevada

Garin Virginia City da ke jihar Nevada ta Amurka a rataye yake a kafaɗar dutsen Davidson, wajen mita 1,870 sama da teku, ƙarƙashinsa kuwa rami ne a kan rami. Ginin da muka yi wa aiki shago ne na jan bulo a bakin titin C, babban titin garin, hawa biyu ta gaba, uku ta baya saboda tsananin gangara. Abin da zan faɗa a kansa ya shafi yawancin maƙwabtansa, domin lokaci guda aka gina su, kuma kowace cuta da ke jikinsu daga tarihin garin ta samo asali.

A 1859 wasu 'yan Ailan biyu, Peter O'Riley da Patrick McLaughlin, suna wankin zinariya a saman kwazazzabon Six Mile, wata laka mai shuɗi-shuɗi tana ta toshe musu kayan aiki. Da aka kai ta Kaliforniya aka gwada, sai ga azurfa ta wajen dala 3,000 a kowane tan, ban da zinariya. Jijiyar, wato layin azurfar da ke cikin dutsen, ta ɗauki sunan Henry Comstock, wanda ba shi ya gano ta ba, baki kawai ya yi har ya samu rabo. Jijiya ce mai faɗi ƙwarai, ƙasar kuma ruguruguwa take, har tokarar da aka saba da ita ta gaza. A ƙarshen 1860 wani injiniya Bajamushe, Philip Deidesheimer, ya fito da dabarar harhaɗa manyan katakai kamar akwatuna, kowane ya ɗan ɗara tsayin mutum, ana jera su sama da ƙasa duk inda aka kwashe ƙasa. Da wannan aka rarake cikin dutsen, aka kuma ƙarar da dazuzzukan bakin tafkin Tahoe. Katakan nan suna can har yau, suna ruɓewa, ƙasa tana zama a kansu.

A 1873 kamfanin Consolidated Virginia na su John Mackay da James Fair ya faɗa kan tarin azurfa mafi girma a tarihin wurin, mutanen garin da na maƙwabciyarsa Gold Hill suka kai wajen 25,000. Ranar 26 ga Oktoba 1875 gobara ta cinye tsakiyar garin. Da yake kuɗi na nan jibge, cikin shekara guda an sake tayar da mafi yawansa, kuma wannan gaggawar ita muke biya yanzu: bulo an gasa shi a gurguje, wani bai nuna ba, harsashi kuma dutse ne da aka jera da laka ko da 'yar farar ƙasa. Babu wanda ya yi gini don jikoki. Kafin 1880 arzikin ya fara ja da baya, a 1886 aka daina zuƙe ruwan zafin da ke cika ramuka masu zurfi, zuwa 1930 mazauna garin ba su kai dubu ɗaya ba. Talauci ne ya tsare gine-ginen, don ba wanda ke da kuɗin rushewa ya yi sabo. A 1961 gwamnatin tarayya ta sa garin cikin wuraren tarihi na ƙasa, a 1969 jihar ta kafa hukumar da ke kula da yankin tarihi na Comstock. Duk abin da zai sauya fuskar gini ta waje, har launin fenti da allon suna, sai da takardar amincewarta. A nemi wannan takarda tun kafin a sayi kaya.

Kafin mu taɓa komai mun ɗauki hoton kowane bango, muka zana taswirar tsagogi, muka kuma sa hannu aka share ginin. Sharar nan ba ta tsintsiya ba ce. Kashin ɓeran daji a wannan yanki yana ɗauke da ƙwayar cutar hantabairos mai kama huhu, kuma ta ƙura ake shaƙarta. Ana buɗe ƙofofi iska ta ratsa na rabin awa, a fesa bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a bari ya jiƙa minti biyar, sannan a kwashe da safar hannu da takunkumi mai tace ƙura. Ƙasar ɗakin ƙasa kuma mun aika an gwada ta. Masana'antun Comstock da zaiba suke ware azurfa daga niƙaƙƙen dutse, irin yadda masu haƙar zinariya ke yi a Zamfara, an kuma ƙiyasta cewa wajen tan 7,500 na zaiba ya salwanta a ƙasa da rafuka. Shi ya sa a 1990 aka sa yankin kogin Carson cikin gurɓatattun wuraren da gwamnati ke sharewa, inda iyakar da aka yanka wa ƙasar gidajen zama ita ce miligiram 80 a kilo. Ana cike gurabe da tarkacen masana'anta a garuruwa irin wannan, don haka nisan gini da masana'anta ba hujja ba ce. Tsohon fenti duka a ɗauka da dalma a cikinsa: a jiƙa a kankare, kada a goge a bushe, kada a ƙona da wuta.

Sai tsagogi. Mai gini ya so a cike su nan take, muka ce a'a. Tsagar da ta mutu daban, mai rai daban, ido kuma ba ya bambance su. A kan kowace babbar tsaga muka ɗaura ma'auni na roba mai falle biyu, ɗaya a kowane gefe, mai layukan milimita, ana karantawa duk wata har shekara ta zagayo. Wadda ke buɗewa da sanyi ta rufe da zafi, numfashin gini ne, ba abin tsoro ba. Wadda ke ƙaruwa ta fuska ɗaya ba ta komawa, ƙasa ce ke tafiya, a nan sai injiniya da tsofaffin taswirorin ramuka. A namu ginin tsagar da ta fi ba da tsoro, mai hawa kamar matakala a kusurwar baya, ba ramin azurfa ne ya jawo ta ba. Indararo ne ya karye tun shekaru, ruwan rufin duka yana zuba a gindin bangon yana wanke lakar harsashi. A garin da kowa ya san ƙasa a rarake take, da sauƙi a ɗora wa rami laifin indararo.

Don haka kuɗin farko a ruwa ya tafi. Rufin a ɓoye yake bayan dogon bangon gaba, dusar ƙanƙara tana taruwa a lungun ta narke da rana ta daskare da dare. Muka sabunta kwanon da ke haɗa rufi da bango, muka cusa bakinsa cikin layin bulo maimakon a shafe shi da kwalta, muka sa wa kan bangon hula mai ɗan leɓe don ruwa ya ɗiga nesa. An ƙara ƙusoshi fiye da yadda aka saba, saboda iskar da ke gangarowa daga dutsen tana ɗaga kwano kamar takarda. A ƙasa aka gyara gangara ta sauka santimita 15 cikin mita uku na farko daga bango. Ta gefen tudu, inda ƙasa ke jingine da ginin, aka haƙa aka shimfiɗa bututu mai huji-huji cikin tsakuwa, an naɗe da yadin tace laka. Ba a haƙa gindin tsohon harsashi a tsawonsa gaba ɗaya. Mita ɗaya ake buɗewa, a gama a mayar, a tsallake a buɗe wani, in ba haka ba duwatsun su zame.

Inda na fi so a tsaya shi ne kwaɓin da ke tsakanin bulo. Wani mai gyara a shekarun baya ya cike layukan bangon kudu da siminti, da kyakkyawar niyya. Sakamakon yana nan a fili: layukan siminti sun tsaya cak, fuskar bulon kuwa ta ɓare ta koma ciki. Dalili shi ne tsohon kwaɓin farar ƙasa ya fi bulo laushi, danshi ta cikinsa yake fita, motsin gini ma shi yake shanyewa. Siminti ya fi wannan bulo ƙarfi kuma ba ya barin ruwa ya wuce, sai danshin ya bi ta bulo, ya daskare a cikinsa, ya fasa shi. Wanda ya ga abin da yaɓen siminti ke yi wa ginin ƙasa a Kano ko Agadas ya san wannan cutar. Kwaɓi shi ake so ya lalace a madadin bulo, don shi ake iya sabuntawa.

Mun kankare layukan da hannu, da siririn kurfi da guduma, zurfin ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin layin; layi mai santimita ɗaya ke nan a shiga santimita biyu zuwa biyu da rabi. Injin yanka mai faifai yana da sauri, amma kuskure ɗaya ya ci gefen bulo, musamman a layukan tsaye. Inda simintin ya kama ƙam har cire shi zai fi barinsa ɓarna, mun bar shi. Kwaɓin kuwa awo ɗaya na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, awo biyu da rabi zuwa uku na yashi mai kaifi da aka wanke. Launi daga yashi yake fitowa, don haka muka narkar da gutsuren tsohon kwaɓin muka ga irin yashinsa, muka yi gwaji a ɗan fili a bangon baya, muka jira ya bushe kafin a yanke shawara. Ana kwaɓa shi da tauri, yadda zai dunƙule a hannu ba ya zuba. A jiƙa bangon tun daren jiya, a sake fesawa da safe. A danna kwaɓin falle-falle, kowane kamar milimita shida, a bari ya yi taurin da babban yatsa zai bar ɗan sawu kawai kafin a ƙara wani. Na ƙarshe a bar shi ɗan ciki kaɗan da fuskar bulo, a bubbuga da burushi mai tauri.

Abin da ke kashe aikin a nan bushewa ne. Farar ƙasa ba bushewa take ta yi ƙarfi ba, iska take sha a hankali tana da laima. Iskar Nevada a bushe take ƙamas, rana guda ta isa ta mayar da sabon kwaɓi gari. Muka rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gaban bangon, ana fesa musu ruwa safe da rana da yamma har mako guda. Ba a yin aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 ko zafi ya haura 35, kuma a wannan tsayin dole a gama da makonni kafin sanyin kaka ya fara daskarar da ruwa. Bulon da ya mutu an zare shi, wanda bayansa ke da lafiya an juya shi, sauran an cike da tsohon bulo mai laushi irinsa. Ba mu wanke bangon da yashin inji ba, ba mu kuma shafa masa maganin hana ruwa ba. Na farko yana cire ɓawon bulo, na biyu yana kulle danshi a ciki.

Bayan gobara magina sun sa ƙofofin ƙarfe a tagogi, maratayansu a binne cikin bulo. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, ya ɗaga layin da ke kansa. An zare su ɗaya-ɗaya, an kankare, an shafa fentin hana tsatsa, an mayar cikin farar ƙasa. Kawunan katakan bene da ke shiga bango mun auna danshinsu. Duk wanda ya wuce kashi 20 cikin ɗari ruɓa na tafe. Wanda ya ruɓe an yanke ɓangaren an haɗa masa sabo a gefe da kusoshi masu goro, an cusa sandunan borat, maganin hana katako ruɓa. Nevada ƙasar girgiza ce, bango da bene kuma ba abin da ya ɗaure su sai nauyi, don haka aka ratsa sandunan ƙarfe daga katakan zuwa waje, da faifai a fuskar bango, aka kuma tokare dogon bangon gaba ta baya. Faifan nan ana ganinsu daga titi, su ma sai da hukuma ta amince.

Gini in ba kowa a cikinsa, ba mai ganin ɗigon farko. Makarantar Fourth Ward, bene huɗu na katako da aka gina a 1876, an rufe ta a 1936, ta yi shekara 50 a yashe kafin a sake buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1986, aikin gyaranta kuma ya ci gaba shekaru bayan haka. Saboda haka muka bar wa mai shagon littafi: a hau rufi sau biyu a shekara, bayan narkewar ƙanƙara da kafin saukarta, a kwashe indararo, kada a zuba gishirin narkar da ƙanƙara kusa da bango, a ci gaba da karanta ma'aunai biyun da muka bari a kusurwar baya. An rubuta awon kwaɓin da inda aka samo yashin a shafin farko, don magini na gaba kada ya zo da buhun siminti.