Lemon Goggo

Kwana 9 ke nan da aka sallamo Baba. Da safe lafiya lau, ya sha rabin kofin romon da na tace, ya ci farar shinkafa da ta dahu luguf da dafaffen ƙwai. Har yana tsokanata wai na mayar da shi jariri.

Da hantsi sai ga Goggo da leda, lemo da gyaɗa da kabeji. Kafin in fito daga kicin har ta fara ɓare masa lemon.

Na ce, "Goggo, don Allah ki yi haƙuri, ba zai sha da ɓargonsa ba, sai dai in matse in tace."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Mutumin da cikinsa ya ɗaure, ki hana shi ganye da 'ya'yan itace? Ke kika haife shi?"

Na yi mata bayani gwargwadon yadda likita ta yi mana. Wannan ba taurin bayan gida ba ne. Tabon tiyatar da aka yi masa shekarun baya ne ya manne ya matse hanjin, hanya tana nan amma ta tsuke. Duk abin da ke da harza, ɓawo, ƙwaya ko zare-zare ba ya narkewa sosai, sai ya je ya cushe a wurin. Shi ya sa ba gyaɗa, ba wake, ba ɗanyen ganye, dankali ma sai an fere. Kaɗan-kaɗan, sau 6 a yini, a tauna har ya zama ruwa-ruwa, ruwan sha kuma kurɓi-kurɓi.

Ta ce yunwa za mu kashe ɗan'uwanta da ita. Baba dai bai ce uffan ba, idonsa na kan lemon. Wannan kallon ne ya tsaya mini a rai, don gaskiya ya rame, wandonsa sai ya riƙe shi da hannu.

Na matse, na tace, ya sha. Goggo ta tafi ba sallama.

Wanki bai samu ba. Yaya ta kira sau 2, ban ɗauka ba.

Bayan isha ya ce cikin ya ɗan kumbura yana murɗawa, na koma masa ruwa-ruwa zalla kamar yadda aka ce. In amai ya zo, ko iska da bayan gida suka tsaya cak, ba jiran safiya, asibiti za mu. Jaka na bakin ƙofa. Ga ni zaune a tabarma ƙarfe 11, na kasa kunne ko zan ji iska ta fita.