Kyanwar Hajiya da Kilishin La'asar

Asabar.

Da safe na karɓo sakamakon gwajin jinin Gimbiya, kyanwar gidanmu mai ciwon ƙoda, a asibitin dabbobi. Kiriyatinin ɗinta, wato dattin jini da ake auna aikin ƙoda da shi, 2.3 ne, fosfaras kuma, wani sinadari da ake samu a abinci, 5.4. Likitar ta ce akwai wata ƙungiyar likitocin dabbobi ta duniya mai suna IRIS da ta kasa ciwon ƙodar karnuka da maguna mataki huɗu, kuma Gimbiya na mataki na biyu, wanda kiriyatinin ɗinsa ya kama daga 1.6 zuwa 2.8. Wannan bai ɗaga mata hankali ba. Fosfaras ɗin ta zagaye da jan biro, domin a wannan mataki ana so ya tsaya ƙasa da 4.6.

"Malama, ban da abincin da na rubuta mata, me kuma take ci?"

Na ce daga hannuna dai babu. Ta yi murmushi ta ce, "To daga hannun wa?"

Amsar tana gida zaune a kan darduma. Gimbiya kyanwar Hajiyarmu ce, shekararta goma sha uku, kuma tun tana 'yar mitsitsiya suke da wata yarjejeniya: in an idar da sallar la'asar, Hajiya ta warware ƙunshin kilishinta, ta gutsura ta ci, ta gutsura ta miƙa mata. Ranar da babu kilishi, akwai kan kifin banda da aka cire daga miya, ko guntun hanta daga tsiren da Yaya yake kawowa. Kowa a gidan ya san da wannan, ba wanda ya taɓa lissafa shi a matsayin abinci.

Likitar ta ja kujera ta yi min bayani dalla-dalla. Ƙoda ce ke tace fosfaras daga jini ta fitar da shi ta fitsari. In ta raunana sai ya taru, taruwar kuma ta ƙara lalata ƙodar, ta sa kasala da tashin zuciya da ƙin abinci. Abin tsoron ma, kafin kiriyatinin ya hau har a gan shi a gwaji, galibi kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙodar ya riga ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ragowar ake lallaɓawa. Shi ya sa abincin masu ciwon ƙoda, irin su Royal Canin Renal da Hill's k/d, an rage musu fosfaras da gishiri, an daidaita furotin ɗinsu. Sai ka sayi buhu da tsadar da ta kai ka zauna ka yi salati, sannan guntun hanta ɗaya ya zo da yamma ya warware aikin.

Na karanto mata abubuwan da ake ba ta ɗaya bayan ɗaya, tana soke su. Kifin banda: ƙaya da kai duk fosfaras ne. Kifin gwangwani: haka, ga gishiri a kai. Hanta da ƙoda da sauran kayan ciki: a manta da su. Madara, nono, cuku, gwaiduwar ƙwai: duk layinsu ɗaya. Da muka zo kan kilishi sai ta ajiye biron. Ta ce shi laifinsa uku: busasshen nama ne da komai ya tattaru a cikinsa, an shafe shi da tunkuza da gishiri da magi, sannan akwai albasa da tafarnuwa a haɗinsa. Waɗannan biyun na ƙarshe ko ga lafiyayyar mage guba ne, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini. Ita kuwa mai ciwon ƙoda dama ƙarancin jini na jiranta a hanya, tunda ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini.

Na tambaye ta ko a hana ta komai ke nan. Ta ce sam. Abin marmari yana da gurbinsa, amma kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na abin da take ci a yini. Gimbiya kilo uku da rabi ce, tana buƙatar wajen kalori 200, ke nan rabon marmarinta kalori 20 ne. Farin ƙwai guda, dafaffe, kalori 17 ne ko kusa da haka, furotin ɗinsa mai kyau ne, fosfaras ɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba, don kusan duk yana cikin gwaiduwa. Ta ƙara da romon kaza da aka dafa tsokar zalla, ba ƙashi, ba gishiri, ba albasa. Da ɗan dafaffen kabewa cokali guda in bayan gida ya yi mata wuya. Da tsokar kaza kamar ƙwayar wake, jefi-jefi. Ta kuma ja min kunne a kan abu biyu: kada kowa ya ba ta farasitamol, yana kashe mage, kuma in ta yi kwana guda cur ba ta ci komai ba, in kira ta, don yunwa na taɓa hantar mage da sauri.

A hanyar dawowa na biya wani babban kanti da ke sayar da kayan dabbobi. Rana ta take, ga azahar ta gabato, amma na tsaya ina juya ledoji. 'Yan leda-leda masu hoton mage tana lashe baki, kowace na cewa ita ce mafi daɗi. A bayansu an rubuta yawan furotin da mai da danshi, amma da wuya ka ga wadda ta faɗi yawan fosfaras, wanda shi kaɗai na zo nema. Likitar ta koya min in duba jerin kayan haɗi, duk kalmar da na ga tana ɗauke da haruffan phos in mayar da ledar, domin fosfaras ɗin da ake ƙarawa a masana'anta ya fi na cikin nama saurin shiga jini. Yawancinsu sun koma inda na ɗauko su. Yaron kantin ya yi ta bina yana cewa, "Anti, wannan ta kifi ce, ita aka fi saya." Na ce masa na gode, ita na fi gudu. A raina na ce da waɗanda ke haɗa waɗannan kaya: mutum ya iya buga hoton mage mai sheƙi amma ya kasa buga lamba ɗaya? Na fito da kiret ɗin ƙwai daga shagon kusa da gida.

Aikin gaske shi ne Hajiya. Na same ta bayan azahar na zauna kusa da ita, na fara da gaisuwa, na kewaya na kewaya kafin na iso.

"Hajiya, likita ta ce a dakatar da kilishin Gimbiya."

"Ikon Allah. Shekara nawa tana ci, yau ne zai kashe ta?"

"Ƙodarta ce ta tsufa, Hajiya. Kamar yadda aka hana Baba gishiri."

Ta yi shiru, don ita ta yi jinyar Baba, ta san yadda aka sha fama da shi a kan miyar lami. Can ta ce, "To ni in ci tana kallona? Ke ba ki san haƙƙin dabba ba? An sa mace a wuta saboda kyanwa." Na ce hadisin na wadda ta kulle ta ne ta hana ta abinci har ta mutu, mu kuwa canja mata za mu yi. Ta ce, "Kya ji da shi, 'yar boko."

A nan na gane ba kilishin take karewa ba, miƙawar ce. Tun rasuwar Baba, wannan zaman na la'asar shi ne lokacin da wata halitta ke zuwa wurinta da kanta, ba don an aiko ta ba. Don haka ban ce ta daina ba. Na dafa ƙwai, na cire gwaiduwar na ba Sadiƙ, na yayyanka farin ƙanana. Na kuma ɗebi 'yan ƙwayoyi daga cikin ma'aunin abincinta na yau, na haɗa duka a wata 'yar roba mai murfi na ajiye a gefen dardumar Hajiya. Kilishinta kuma na roƙe ta ta riƙa ci da hantsi, lokacin Gimbiya na barci a bayan randa.

La'asar ta yi, Gimbiya ta taho a kan lokaci. Ta shinshina farin ƙwan, ta ɗaga kai ta dubi Hajiya, ta juya baya. Hajiya ta ce, "Kin gani ko? Ba ta cin abin marasa lafiya." Na ɗumama romon kazar kaɗan don ƙamshinsa ya tashi, na tsoma yankan ƙwan a ciki, na ba Hajiya ta miƙa da hannunta. Ta ci kamar rabi, ta lashe romon tas. Ruwan ma riba ne, don mai ciwon ƙoda fitsarinta ya yi yawa, kullum jikinta na bin bashin ruwa, balle a wannan zafi da ya haura digiri 40. Na ƙara mata kwanon ruwa a tsakar gida da wani a ɗakin Hajiya, ina cika su daga randa.

Ragowar romon na zuba a abin ƙanƙara na sa a firji, in wuta ta tsaya. In ba ta tsaya ba gobe a sake dafa wani.

Bayan isha Yaya ya shigo da tsirensa a takarda, Gimbiya ta miƙe ta nufe shi. Kafin in buɗe baki Hajiya ta riga ni: "Kai, kada ka ba ta. Likita ta hana, ƙodarta ce." Ya dube ni, na ɗauke kai. Za a sake gwajin jinin nan da wata guda. In fosfaras bai sauka ba, likitar ta ce sai a fara barbaɗa mata maganin da ke kama shi a hanji a cikin abinci. Gobe kuma sai na zauna da Sadiƙ da 'yan maƙwabta, don na ga alamar akwai mai ba ta ƙashin kifi a bakin zaure.