Abin da gyaran injin tsohuwar Massey ya koya mini

Mai hali idan injin taraktarsa ya gaji, kayan ciki yake saya gaba ɗaya a kwali, a zuba sababbi a watsar da tsofaffi. Ƙaramin manomi ba shi da wannan sukunin, kuma a kan injin irin nasa na fara sanin kanikanci da gaske. Massey Ferguson 135 ce, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, mai injin Perkins silinda uku, lita 2.5. An kawo ta garejinmu da rani tana shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai, da safe kuma sai an tura take tashi. Kuɗin mai ita bai kai rabin na kaya ba, ga shi yana son ta kafin saukar damina, don da huɗar haya yake riƙe gida.

Maigidana ya hana a sayi ko noti ɗaya sai an kwance injin. Muka wanke komai da gas, muka jera bisa yadda ya fito, kowane fistan da kwanrod ɗinsa, wato sandar da ke haɗa shi da karanshaf, da murfinsa, domin ƙarfen da ya daɗe yana gogar ɗan'uwansa ba ya karɓar baƙo. Daga nan sai awo, kuma a nan na fi ƙaruwa. Ya sa ringi cikin silinda, ya tura shi da fistan don ya zauna daidai, ya auna ratar bakinsa. Ya sa ni na shafa saman silindar da farce, na ji tudun da ringi ya bari a iyakar hawansa. Karanshaf kuwa ta fuska biyu ya auna kowace gaɓa, saboda idan ta cinye ba ta zama a zagaye, takan koma kamar ƙwai, kuma ido ba ya gani.

Awon ne ya raba mana kuɗin. Hannun silinda, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki, da ringi sun mutu, dole a canza. Fistan ɗin kuwa raminsu na ringi bai buɗe ba, suka koma. Karanshaf aka kai wa masu injin gyaran ƙarfe suka rage kaurinta kaɗan zuwa awon da ake kira 010, kuma ba mu sayi metal ba, wato ɓawon ƙarfen da take juyawa a cikinsa, sai da ta dawo muka sake aunawa. Bawul muka goge da hannu har suka zauna. Famfon ruwa na hannu muka samo a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, mai lafiya, a farashi mai sauƙi. Famfon gas ba mu taɓa shi ba tunda yana aiki, alama kawai muka yi wa giyarsa kafin cirewa, nozul ɗin ne aka kai gwaji aka daidaita feshinsu.

Inda maigida ya ƙi sassauci shi ne gasket ɗin kai, metal, ringi da sil ɗin bayan karanshaf mai hana yoyon baƙin mai. Mai tarakta ya so a ɗauki na araha, sai ya ce masa, "Alhaji, araha ba ta ado. Sil ɗin nan in ya yi yoyo, sai an raba tarakta gida biyu kafin hannu ya kai gare shi." Ina ganin gaskiyarsa. Abin da ke can ciki, wanda kuɗin aikin isa gare shi ya fi kuɗinsa, shi ya cancanci mai kyau. Na waje ana iya lallaɓa shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne neman abin da ya kashe injin tun farko. Matatar iskar wannan tarakta mai kwanon mai ce, ƙura na maƙalewa a cikin man kafin iska ta wuce. Mun tarar da kwanon ya bushe ya zama laka, robar da ta haɗa shi da inji kuma ta tsage. Duk ƙurar gona da ta hunturu kai tsaye take shiga silinda. Da mun ɗaura sababbin kaya muka bar wannan, da injin ya sake cinyewa ba da jimawa ba, alhali robar ita ce mafi arha a duk abin da muka saya. Wannan ne ya sa muka haɗa injin a cikin ɗaki, muka hure hanyoyin mai na karanshaf har sai da garin ƙarfe ya daina fita.

Sifana mai auna ƙarfin ɗauri aro muka yi. Kan injin daga tsakiya aka fara ɗaure shi zuwa gefe, a hankali, aka sa ratar bawul 0.30 na milimita injin yana sanyi, aka fitar da iska daga layin gas. Da ta tashi, Alhaji ya so a bar ta tana kaɗawa a tsaye wuni guda. Maigida ya ce a'a, sabon ringi da aiki matsakaici yake zama, zaman banza sulɓi yake sa wa silinda. Aka ɗaura mata tirela da kaya marasa nauyi, bayan ta yi zafi aka sake ɗaure kai, aka juye baƙin mai da wuri.

Famfon ɗaga garma yana ɗan yoyo, tayoyin baya ma sun suɗe. Aka yi shawara da Alhaji a bar su sai kaka, idan an sayar da amfanin gona.